Buhunan Garin Katako a Shagon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Amaryarmu (na san ta haifi uku, amma a bakina amarya ce har ta yi furfura) da yara baki ɗaya. Allah Ya yi wa nemanka albarka, Ya tsare ka a inda ba ka da uwa ba ka da uba. Mu nan muna godiya. Gwiwar Inna ta ɗan lafa, tana iya zuwa bakin famfo da kanta. Yarana biyu suna nan suna cika gidan da hayaniya. Babansu yana kan hanya da motar kaya kamar kullum, sai dai a ji muryarsa, shi ya sa har yanzu muna nan gida wurin su Inna.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. To ka san gidanmu, in ka yi tari a ƙuryar ɗaki sai an ce maka sannu daga bakin ƙofa. Maganar da zan yi kuwa Baba ya hana a gaya maka, ya sa Inna ta yi masa alkawari. Ni dai ban yi ba, kuma ka san bakina tun muna yara. Shi ya sa na zauna a ajin da nake koyarwa lokacin hutun tara, na rubuta, na ba abokin aikinka da ya zo ganin gida. Ka karanta kai kaɗai tukuna.

Yaya, kasuwar da ka bari ba ita ce yanzu ba. Da in na karɓi albashi na je cefane, sai na yi ta sauya hannu kafin in iso gida saboda nauyin kwando. Yanzu abin da kuɗin nan ke sayowa a leda ɗaya nake rataya shi a yatsa. Ka tambayi kuɗin abu, ka zaga ka dawo, mai kaya ya ce ai wancan kuɗin ɗazu ne. Masu sayen mudu sun koma rabi, masu rabi sun koma gwangwani, mai kuwa da cokali ake auna shi a ƙulla a leda kamar magani. Tsadar ma da sauƙi in akwai kayan. Babban kantin nan na bakin titi, inda kake kai mu mu sha iska, yanzu layi ake yi tun sassafe, kowa ƙullin sukari ɗaya. Ranar da na bi layin har rana ta take, saura mutum kaɗan a gabana aka ja ƙofa aka ce ya ƙare. Ina juyowa na ga wata dattijuwa, sa'ar Inna, a durƙushe tana tsince waken da ya zube a ƙasa ƙwaya-ƙwaya, kuma ba wanda ya kalle ta sau biyu. A ajina yara barci suke yi a kan benci, na daina ɗaga musu murya domin na san ba rashin ji ba ne. A gida tukunya sau ɗaya take hawa wuta. Inna ta ƙirƙiro wani ciwon ciki da ba ya tashi sai an zo rabon abinci, ta tura wa jikokinta kwanonta ta ce ita ta ƙoshi.

Na san abin da kake cewa a ranka, cewa ai Baba yana da shago, kuma da idonka ka gan shi cike. Duk kiran da ka yi na bidiyo, a gaban kanta yake tsayawa, buhuna a bayansa har rufi, gwangwanayen madara a jere, jarkokin mai a ƙasa. Har ka taɓa yi masa ba'a ka ce shagonsa ya fi na wajenku kaya, ya yi ta dariya. To ka tuna abin da ya koya mana lokacin da muke taya shi jeren kaya? Yakan ce ido ne ke fara saye kafin aljihu, kanta kuma ba a barinta fayau, domin mai saye in ya leƙo ya ga wuri wayam ba zai sake dawowa ba. In kaya suka yi ƙasa sai mu jawo na gaskiya gaba, mu tura kwalayen da ba kome a baya. Kai ne ma gwanin jera su. A lokacin dabara ce ta kwana biyu kafin motar sari ta iso.

Wannan karon motar ba ta iso ba. Mai ba Baba sari ya daina ba da kaya sai an biya nan take, abin da Baba ya sayar yau kuma ba ya isa ya sayo rabinsa gobe. Jari ya yi ta narkewa a hannunsa, ga 'yan unguwa da ba ya iya hana su in sun zo da hawaye. Duk buhun da ya ƙare, sai ya kai wa kafintan da ke jikin shagonsa ya cika masa da garin katako, ya ɗinke baki da kyau ya mayar wurinsa. Gwangwanin madara ta ƙasa yake fasa shi don kada a gane, in madarar ta ƙare ya mayar da shi kan kanta. Jarkoki ya cika da ruwa. Haka aka yi ta tafiya har abin da ya rage na gaskiya a shagon nan gishiri ne da ashana da 'yan sandunan sabulu. Wallahi mu da muke kwana gida ɗaya da shi ba mu sani ba. Da na tambaye shi me ya sa muke kwana da yunwa ga shinkafa jibge, sai ya ce kayan ajiya ne na wani babban ɗan kasuwa, amana ce, ba a taɓawa. Abin da yake gaya wa duk wanda ya zo saye ke nan.

Kai ma ka san yadda mai jin yunwa zai ɗauki wannan magana. Mutumin da unguwa ta sa wa suna Cika-Mudu, don bai taɓa aske kan mudu ba sai ya yi masa tozo, shi ne aka koma nunawa da baki ana cewa ya ɓoye kaya yana jiran su ƙara tsada. Aka daina zama a bencin ƙofar shagonsa. In ya yi sallama sai a amsa a ciki-ciki. Yarana suka dawo suna kuka an ce kakansu mugu ne. Kafinta ya roƙe shi ya faɗi gaskiya ya huta, Baba ya ce shekara da shekaru ba a taɓa ganin kantarsa tsirara ba, ba zai fara da tsufansa ba, mota za ta zo.

Ka tuna telar nan ta bayan layinmu, wadda ta ɗinka wa Amarya kayan fitar biki? Yanzu Maman 'Yan Biyu ake kiranta, ta haihu bara. Rashin ci ya sa nononta ya ɗauke, madarar jarirai kuma ta ɓace a gari, ko ta shayi ma sai an sha wuya. Ita kuwa kullum ta wuce tana hango gwangwanaye a saman kantar Baba. Ta zo ta roƙa, ya ce ajiya ce. Ta dawo da kuɗin da ta sayar da kan kekenta na ɗinki, ta durƙusa a gabansa ta ce ya faɗi ko nawa ne, ya kau da kai ya ce ajiya ce. Ta yi ta zarya, ba ta nema a wani wuri da nisa ba, tunda ga shi tana gani a kusa kuma ta san Baba da tausayi, tana cewa zai sauko. Ranar da aka kwantar da ƙaramin a asibiti, daga can ba ta biya gida ba. Ina dawowa daga makaranta na hango mata cike da ƙofar shago, wasu da kwano, wasu da goyo, ana ta ihu. Na kutsa na same ta a ciki da almakashi a hannu, Baba ya buɗe hannuwa ya tare buhuna yana ba ta haƙuri. Ta zagaye shi ta soka wa buhun farko almakashi ta ja har ƙasa.

Yaya, garin katako ne ya zubo mata a ƙafa. Ta soki na biyu, haka. Wata ta miƙa hannu ta jawo gwangwanaye, suka zubo gaba ɗaya suna ƙara a kan siminti, ba nauyi, ba kome. Matan nan da suka zo da zagi suka tsaya da kwanoninsu suna kallon ƙasa. Maman 'Yan Biyu ta ɗauki gwangwani ɗaya ta girgiza a kunne, ta ajiye, ta zauna daɓas cikin garin katako ta fashe da kuka. Baba ya sunkuya ya fara tsince gwangwanayen yana mayar da su kan kanta ɗaya bayan ɗaya, sai da na riƙe shi na ce ya isa haka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ban so ta zo wa mahaifinmu a gaban mutane haka ba.

Tun daga ranar bai sake taka ƙofar gida ba. Unguwa kuwa ta juyo gaba ɗaya, masu zagi su ne masu sallama. Wannan ta kawo rabin burodi, wancan ya aiko da ɗan wake a kofi, alhali na san daga bakin 'ya'yansu suka cire. Maman 'Yan Biyu da kanta ta zo da kwanon shinkafa dafaffiya ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa tana neman gafara. Ya ce ba ta yi masa laifi ba, shi ya yi mata. Ya gaya wa Inna cewa kunyar ba ita ta fi cin ransa ba, abin da ba ya barinsa shi ne yarinyar nan ta ɓata kwanaki tana durƙusa wa gwangwanin banza, ɗanta na ramewa, shi kuma yana da bakin da zai ce mata babu amma bai faɗa ba. Yaron yana nan da rai, an samo masa madara a asibiti, sai dai har yanzu ba a sallame su ba. Duk kwanon da aka kawo wa Baba sai ya ce a ba yara. Ya ce shi mai sayarwa ne, ya ciyar da gidansa da mudu, ba zai ci abin da aka kawo don an ji tausayinsa ba. Ruwan shayi kawai yake kurɓa, shi ma sai Inna ta yi kuka. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa duk ya fito. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo Kawu ya yi masa nasiha, duk a banza. Ina jin tsoro, Yaya. Ina tsoron in tashi wata safiya in tarar mun rasa shi, ba ciwo ba kome.

Ga abin da nake roƙonka, kuma don Allah kada ka yi wani abu dabam. Kada ka turo masa kuɗi a matsayin taimako, zai mayar maka, ka san halinsa. Ka kira shi ka ce ka gaji da aikin wasu kana so ka shiga kasuwanci, kana neman wanda ya san kan sana'a ya juya maka jari a raba riba. Ka roƙe shi, ka nuna kai ne mai bukata. Kuɗin kuma ni za ka turo wa. Na je wurin mai sari na zauna masa a ƙofa har ya yi mini alkawarin buhu ɗaya na shinkafa da katan ɗaya na madara in motar gaba ta shigo, muddin kuɗi na hannu. Ya ce ba zai riƙe mini ba ko na yini ɗaya, ga masu jira, kuma kowace mota da kuɗinta take zuwa. Na san kai ma ba a kan tudun kuɗi kake zaune ba, ga haya ga makarantar yara, da ina da wata ƙofa da ban ƙwanƙwasa taka ba. Buhu ɗaya nake nema, na gaskiya, wanda in an soka shinkafa za ta zubo. Na share shagon, na ƙone kwalayen, kafinta ya kwashe garinsa. Maman 'Yan Biyu ta ce ita za ta fara tsayawa a layi, da kuɗinta, ya auna mata. Na tabbata in ya auna mudu ɗaya ya karɓi kuɗinsa, a ranar zai ci abinci.

In ka kira kuma, ka yi kiran murya kawai. Kada ka ce ya nuna maka shago.

Ka gaishe mini da Amarya, ka ce na ga saƙon hotuna. Ka shafa mini kan Babban Yaya da 'Yar Lele da Auta mai kunnen ƙashi. Inna tana sa maka albarka safe da yamma. Kawu da Goggo suna gaishe ka, haka ma kafinta, ya ce har yanzu kana riƙe masa da gudumarsa. Baba bai ce in gaishe ka ba tunda bai san na rubuta ba. Yana nan kwance, mudunsa na gefen katifa, kullum da safe sai ya ɗauka ya goge shi da bakin riga ya ajiye. Ka yi sauri, Yaya.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
wadda kake kira Bakin Reza