Na Yi Shara, Baffa Ya Karɓe Makulli

Zuwa ga Anti mai wannan fili,

Ni matashi ne mai digiri a fannin tattalin arziki, da sakamako mafi daraja, kuma na rubuto ne domin neman agajin gaggawa kan wani al'amari da ya dagula mini tunani.

Tun da na kammala karatu aiki ya ƙi samuwa, sai nake zama a shagon kayan gini na Baffana, ƙanin mahaifina. Wata rana, a gaban masu sayen siminti, na fayyace masa cewa yadda yake jera kaya ya saɓa wa ƙa'idojin kasuwancin zamani. Da yamma ya shaida wa mahaifiyata cewa ba ni da tawali'u. Nan take na ɗauki matakin gyara. Na riƙa share ƙofar shago da hantsi, lokacin da jama'a suka cika, ina sanar da duk wanda ya tsaya cewa mai digiri ne ke wannan shara. Na ɗauki buhun siminti har bayana ya ƙage, na sa aka ɗauke ni hoto na tura wa dangi. Sakamakon wannan gagarumar sadaukarwa shi ne Baffa ya karɓe makullin shago, gaisuwata ma da ka yake amsawa. Mahaifiyata kullum kuka. Yanzu ina kwance a ɗaki, ba aiki, ba Baffa, ga ciwon baya. Idan wannan ba tawali'u ba ne, to ina zargin babu shi a doron ƙasa.

Ina buƙatar gamsasshiyar amsa a rubuce kafin ƙarshen wannan wata.

Naki,
Masani Cikin Takaici

Ɗana Masani,

Sannu da jiki. Zaman jiran aiki yana cin rai, kuma mai yiwuwa ka yi gaskiya kan jerin kayan. Shi ma Baffa, da ya ja ka gefe ya fi ya kai ƙararka gida. Amma ka muzanta shi a gaban abokan cinikinsa, sharar kuma ta ƙara ɓata lamarin: ka nuna wa unguwa cewa sana'ar da yake riƙe iyali da ita ƙasƙanci ce a wurinka. Mai tawali'u ba ya jin ya sauko, domin tun farko bai ɗauka yana sama da kowa ba.

Ba zan ce maka zai mayar da kai shago ba. Irin wannan ciwo yakan daɗe a zuciyar babba, wani ma ba ya warkewa. Ka je gidansa kai kaɗai, ka ba shi haƙuri, kada ka kawo hujja ko ɗaya. Idan ya yi shiru, ka yi sallama ka tafi, kuma kada ka ba kowa labarin zuwanka, har da ni.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya buɗa maka.