Sunan da Ya Ƙi Fitowa

Daren Laraba, watan Rajab

Yau Hajiya Ladi mai atamfa ta zo daga unguwar Adidogomé neman sunan kakan mahaifinta, za su raɗa wa jikanta ranar Asabar. Ta ce, "Baba, kowa ya ce kai ka riƙe asalinmu." Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa.

Laifina ne. Shekarun baya, marigayi ƙanena Idi kan ja ni shagon intanet a kasuwar Adawlato. Akwai wani dandali a na'ura inda Hausawan Kumasi da Kano da Turai ke barin tambaya, kamar allon sanarwa a ƙofar masallaci. Ina faɗa, Idi na bugawa. Bayan mako mu tarar wani ya amsa, "Wallahi kakata ce!" Gida-gida na zuba musu asalin mutanen unguwarmu ta Zongo. Idi ya ce ya ajiyu har abada, ni kuwa na daina bitar sunayen bayan sallar asuba.

Ɗiyata Rabi ta duba a wayarta. Ta ce, "Baba, dandalin yana nan, amma a kulle, sai da kalmar sirri." Kalmar tana kabari tare da Idi. Ciwon ƙafa kuma ya hana ni zagaya tsofaffi, in ma sun rage.

Rabi ta ce in gaya wa Hajiya gaskiya. Na ƙi, na ce wa Hajiya ta dawo Juma'a.

Tun isha'i nake jera sunayen gidan Hajiya da ajami. Na rubuta mahaifinta, na rubuta kakanta. Layi na uku yana nan fari, yana kallona.