Na taɓa fom ɗin aiki da sunan 'yata, ranar Litinin za a saki

Anti, don Allah ki taimake ni kafin Litinin.

Ina shirya kaya ne a siton wani kamfanin rarraba magunguna. Autata ce ta samo min aikin, ita ke kula da manhajar da duk kamfanin ke aiki da ita, tun daga masu karɓar oda har direbobi. Ni sai da na haura arba'in na koyi karatu, har yau kuma in na ga rubutu sai na tsaya na karanta, ko na jikin kwali ne. Shi ya sa in za ta fita cin abincin rana take barin min kwamfutarta a buɗe, da farin shafi, in koyi buga haruffa.

Wata rana hannuna ya kuskure, shafin ya tafi, sai ga fom ɗin da muke cikewa a sito, amma akwatunansa suna jawuwa. Na ja ɗaya ƙasa, ya bi ni. Na goge sunan wani akwatin na rubuta na jikata, na danna wurin ajiyewa. Da na koma sito na leƙa fom ɗinmu, yana nan yadda yake. Washegari ma haka. Sai na ɗauka allon gwaji ne da ke goge kansa. Wata huɗu ina wasa a wurin, Anti, ni da furfurata.

Shekaranjiya ina jera kwalaye a bakin ofis na ji autata tana yi wa oga bayani. Wai duk gyaran da aka ajiye ba a saki ba yana nan kwance, ba mai ganinsa, sai ranar da aka danna maɓallin sakin gyare-gyare duka, ya fito a gaban kowa lokaci guda. Wai ranar Litinin za ta danna, saboda sabon fom ɗin direbobi da ta gama. Na zauna a kan kwali.

Sunayen jikoki abin dariya ne, na sani. Amma na tuna na cire jan tauraron da ke hana a wuce ranar lalacewar magani ba a cike ba, don in ga ko zai ciru. Na kuma tura akwatin maganin firji can ƙasa, ko ɓoye shi ma na yi, wallahi ban sani ba. Wannan akwatin ne ke sa mu zuba ƙanƙara a kayan masu ciwon suga. Sauran ban iya tunawa. Kuma komai da sunanta aka yi.

Yarinyar nan ita ta riƙe min hannu a kan fensir. A gaban ma'aikata take cewa Mamanta ta fi su kula. Da wane baki zan faɗa mata? Ina tunanin gobe in ta fita in lallaɓa in mayar da abin da na tuna, in yi shiru. Ko in yi?

Uwar Auta

*

Mama,

Kada ki sake taɓa wurin nan. Abin da kika tuna kaɗan ne daga abin da kika taɓa, kuma gyara a ɓoye zai ƙara dagula sawun da 'yarki za ta bi. Ki faɗa mata yau, a gida, kafin ta sa hannu a abinci.

Na kai wasiƙarki wurin wata mai irin aikinta. Ta ce tun da ba a saki ba, ba abin da ya lalace tukuna, kuma aikin yini ɗaya ne ko biyu. Da farko 'yarki ta ɗage sakin Litinin. Yawancin irin wannan manhaja tana nuna ranar da aka taɓa kowane fom a ƙarshe, sai ta ware duk waɗanda aka taɓa a wata huɗun nan, musamman da tsakar rana. Ta buɗe kowanne a wurin gyara, ta buɗe wanda ma'aikata ke gani a gefensa, ku bi akwati bayan akwati. Duk bambancin da kuka gani a rubuta shi a takarda: wane fom, wane akwati, yadda yake da, yadda ya koma. A nan za ki yi amfani, don ba wanda ya kai ki sanin fom ɗin sito. Ku fara da firji da jan tauraron. In an mayar, a saki fom ɗaya-ɗaya ana dubawa, ban da maɓallin duka.

Kin yi kuskure, kin ga ƙofa kin shiga ba ki tambaya ba. Amma ita ma ta bar kwamfutar da ke juya kamfani a buɗe, ko da ga mahaifiyarta ce. Don haka ita za ta sanar da oga da bakinta, da takardar a hannu, ta kuma nemi a ware wurin gwaji daban. Zai yi faɗa, ƙila har da takardar gargaɗi. Ban yi miki alkawarin ba za ta ji haushinki ba. Amma fushin kwana biyu ya fi a sauke wa mai ciwon suga allurar da ta sha zafin mota, da sunan 'yarki a kai.

Karatun kuwa kada ki bari, ki sa ta buɗe miki naki shafin da sunanki. Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar buɗe baki, ya sanyaya tata.

Anti