Ki Danna na Dama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan sai godiya, haƙuri muke ta yi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Tsoron wayata nake ji, na naɗe ta a ɗankwali na ajiye. Kin san Baban yara, Allah ya jiƙansa, in ya hau hanya da babbar motarsa ba ya rubutu, murya yake turo min. Ya ce ya tsaya shan mai, ya ce in kwashe shanya don ya hango hadari, alhali yana can uwa duniya. Tun da ya rasu, saƙonnin nan nake kunnawa ina wanke-wanke.

Shi ya koya min wayar. Ya ce, Malamar gida, kada ki wahalar da kanki da Turancinsu, duk abin da ta tambaye ki, ki danna na dama. Haka nake yi shekara da shekaru, ban taɓa ganin ba daidai ba. Ranar Talata zan ɗauki hoton Auta da kayan makaranta, wayar ta ƙi, wai ta cika. Ta fito da rubutu, na danna na dama. Ta sake tambaya, na sake dannawa. Yaya, da na koma wurin saƙonninsa, wayam.

Gobe zan kai ta wajen mai gyara. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Ƙanwarki

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ya jikin?

Na je. Ɗan shago ne a ƙarƙashin matakalar bene, wayoyi a buɗe birjik kan tebur. Mai gyaran ya fara min tsiya, wai ko saƙon saurayi na goge. Da na gaya masa sai ya cire tabarau, ya jona ta da kwamfuta, ya daɗe yana dubawa. Babu. Ya nuna min irin rubutun a wata waya, ya fassara min: kalma ɗaya tana nufin har abada, ɗayar kuma abin da ba a warwarewa. Ashe gargaɗina take yi.

Sai na tuna asibiti. Ranar da ƙodar Baban yara ta tsaya, likita ma wata doguwar kalma ya faɗa, nas ce ta ce min ma'anarta ba za ta koma daidai ba. Masu Turancin nan suna da irin waɗannan kalmomi da yawa, Yaya, kuma a hankali suke faɗinsu, ba mai ɗaga murya.

Na bi abokan aikinsa, su kira suke yi da shi, ba wanda ya ajiye komai. Wayarsa ta kamfani ce, sun share sun ba wani direba.

Jiya Auta ta ce in kira ta yadda Babanta ke kiranta, da jan nan da yake yi a ƙarshen sunan. Na gyara murya na gwada. Ta ce ba haka ba ne. Na sake. Ta ce in bari kawai, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ke kin iya kwaikwayon mutane tun muna yara. In ƙafar ta yi sauƙi ki zo ki gwada mata, ko naki zai fi kusa.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki,
Ƙanwarki