Fitilar Tsakar Gida

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Baba? Ina su Inna?

Lafiyata ƙalau, sai dai tsayuwar aikin dare a asibiti tana kumbura mini ƙafa. Wata tara ban ga tauraro ba, domin fitilun garin nan sun mayar da sama ja. Ranar hutuna sai da na yi tafiyar awa uku a mota kafin na ga taurarin kaza da 'ya'yanta.

Na ji za ka sa babbar fitila a tsakar gida. Don Allah ka yi mata marfi, ta haska ƙasa kawai. Tunda Baba ya daina fita, taurarin nan ne abin kallonsa, kuma ka san shi, ba zai taɓa ce maka ka kashe ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka