Hazo a Madubin Don Belisario

Zuwa ga yayata Herminda,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ina fata dankalin bana ya yi kyau. Ni lafiya lau, sai iskar nan da ba ta hutawa, ita ma na saba.

Puma, wata irin damisa ta nan, ta kashe mana tumaki goma sha ɗaya a gonar da nake kiwo, mai gona ya ce ko in nemi bindiga ko in nemi wani aikin. Na je wurin Don Belisario, wani tsohon maharbi da zai sayar da tasa. Na leƙa bututun ta wajen haske, babu tsatsa. Na harbi gwangwani sau uku, duk harsasan suka shiga kusan wuri ɗaya.

Ya ce, "Ɗan nan, ba zan cuce ka ba. Madubin saitin ya yi hazo, shekara biyu ke nan. Cire rabin kuɗin."

Na ɗora ido a madubin. Yaya, garau yake, har ƙudan da ke kan shinge na gani. Sai na dubi idon tsohon, ashe can hazon yake.

Na kasa gaya masa. Na biya kuɗin cif. Ya girgiza kai ya ce, "Ku mutanen tsibirin Chiloé, har ku mutu ba za ku iya ciniki ba."

Kuɗin motar zuwa gida ne suka tafi, don haka ba zan zo Kirsimeti ba. Ki aiko min da safa mai kauri in an samu mai zuwa. Inna kuwa, ki ce mata aiki ne ya riƙe ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Eleodoro