Hannun da Ya Rage a Kafaɗa

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar? Na san halinki, likita ya ce ki huta, ke kuma kina can kina hawa bene da kwandon wanki. Don Allah ki zauna wuri ɗaya.

Kin yi ƙorafin na yi shiru. Wallahi tun da Baban yara ya fito takarar kujerar majalisa gidan nan ya zama tasha. Wanda ke kan kujerar ya daɗe ya kafu, ture shi ba wasa ba ne. Ƙuri'un Baban yara suna ƙauyuka, wajen manoma da masu fasa dutse, inda mahaifinsa ya yi aiki har ƙirji ya kwantar da shi. Can idan ya hau bayan mota ya ce zai rufe shagunan caca da gidajen giya, ya ce aure ba abin wasa ba ne, sai ki ga tsofaffi suna share hawaye. Kuma da gaske yake, kin san ba yau ya fara ba. Sai dai tsofaffin nan ba su da abin zuba wa mota mai. Kuɗin suna birni, a hannun likitoci da masu kamfanoni da matan ƙungiyoyi, mutanen da in suka ji irin wannan magana sai su taɓe baki.

Wa ya buɗe masa ƙofarsu? 'Yarki Lauya. Ita dai wadda ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwarta don ta bar gidan miji ta kama haya ita kaɗai, ita da ke maka maza a kotu kan abincin 'ya'yansu. Ta ajiye aikinta tana bin ofis-ofis da shi. Mutanen birnin ba sa son rabin abin da yake faɗa, amma sun gaji da mai kujerar, kuma suna cewa uban da ya haifi irin wannan 'ya ba zai rasa sauƙin kai ba. A liyafarsu shi ma har kirari yake mata.

Makon jiya muka ɗauki hoton iyali don fosta. Lauya ta tsaya a bayansa ta ɗora masa hannu a kafaɗa, shi kuma bai ture ba. Na ji daɗi, Yaya, rabona da ganinsu haka har na manta. Amma hankalina bai kwanta ba, don a ƙauye ban taɓa jin ya ambace ta ba ko da kuskure. Yarinyar nan ba kujera take nema ba, ubanta take nema. Ki taya ni addu'a.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Maman Lauya

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Na ji an canza miki magani, Allah ya sa a dace. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce dai ba lafiya.

Abin da nake tsoro ya fara. Akwai wani da suke kira Darakta, shi ke tsara yaƙin neman zaɓen, mutum ne mai waya a kowane aljihu da murmushin da ba ya kai ido. Shi ya kawo dabarar a buga fosta iri biyu daga hoto ɗaya. Ta birni da Lauya a tsakiya, ta ƙauye kuma a cire ta, a cike gurbin da labule. Baban yara ya sani. Da na tsare shi sai ya ce na ɗan lokaci ne, wai in bar masu aiki su yi aikinsu.

To masu aikin sun yi aikinsu. Mai buga fostar ya goge ta tun daga kai har ƙafa, ya manta da hannunta. Ga yatsu nan a kafaɗar Baban yara, da zobe, da jan farce, babu mai su. Duk taron masu ilimin nan ba wanda ya lura, sai da aka manna ta a kowace bishiya da bangon kowane shago. Masu fasa dutse suka fara raha wai ɗan takararsu da aljana yake yawo. Mutanen mai kujerar kuwa suka samu abin yi, suna bi suna zagaye hannun da jan fenti suna rubuta tambaya a ƙasa, wai na wace ce.

Wani ya tura wa Lauya hoton a waya. Ranar akwai cin abincin rana da masu ba da kuɗin, ni ma ina wurin. Na zaci za su yi fushi saboda ita. Ina! Dariya suka yi ta yi. Wata shugabar ƙungiya, wadda kullum take kiran Lauya ƙanwarta, ta dafa ta ta ce kar ta sa a ranta, siyasa ce, mutanen ƙauye sai da lallashi. Na ga yarinyar nan ta ajiye cokali a hankali.

Da yamma ta zo gida. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta ce ba ta nemi a sake buga komai ba, ba ta nemi ya yarda da aikinta ba. Abu ɗaya take roƙo: akwai babban taro a filin masu fasa dutse, in aka tambaye shi, ya ce 'yarsa ce. Sai ya ce ai ba wanda zai raba shi da jininsa. Ta tashi da murna kamar ƙaramar yarinya. Ni da na shekara talatin da wani abu ina zaune da shi, na lura bai ce zai faɗa ba.

Ki ci gaba da addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Maman Lauya

Yayata,

Ina gaisuwa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun.

An yi taron. Lauya ta biyo ni a mota, ta yi shiga irin ta kowa, muka zauna cikin mata ba wanda ya damu da mu. Fili ya cika, maza sun taso daga aiki ko wanka ba su yi ba. Baban yara ya yi magana mai kyau, ba zan ɓoye ba. Sai shugaban masu fasa dutse ya miƙe, dattijo ne da ya yi aiki tare da surukina. Ya ɗaga fostar, ya ce cikin ladabi sun ji ana cewa yana da 'ya a birni mai raba mata da mazajensu, suna so su ji daga bakinsa ko wannan hannunta ne. Wallahi Yaya ba da mugunta ya tambaya ba. Na tabbata da ya ce e, 'yata ce, ina sonta ko da ban yarda da duk abin da take yi ba, da wasu sun yi gunaguni an wuce wurin.

Baban yara ya kalli ɓangarenmu, ya san inda muke zaune. Daga nan ya juya ya kalli Darakta. Sai ya ce hannun kuskuren mai bugu ne. Ya ce 'ya'yansa su ne waɗanda ake gani a hoton, duk wanda ya bar tarbiyyar gidansa kuwa shi ya cire kansa.

Filin ya ɗauki tafi. Matar da ke gefenmu, wadda Lauya ta ƙwato wa kuɗin abincin 'ya'yanta bara ba ta karɓi ko sisi ba, ta gane ta sarai, ta sunkuyar da kai tana tafi don dangin mijinta suna kallo. Lauya ta juyo ta dube ni. Na san me take jira, in miƙe in kama ta in ce ni na haife ta. Ban miƙe ba, Yaya. Ina zaune ina tunanin kyamara, ina tunanin idon mutane. Ta gyara mayafinta ta ratsa mata ta fita titi, ta tsayar da motar haya.

Washegari mutanen birni suka aiko da gudummawa fiye da ta kullum, wai alamu sun nuna zai ci. Ba wanda ya tambayi inda Lauya take. Baban yara ba ya iya haɗa ido da ni. Yana ta cewa bayan zaɓe zai gyara komai, zai je wajenta da kansa. Na ce masa abin da ya faɗa a gaban dubban mutane ba a ɗaki zai janye shi ba. Na tsane shi a ranar, kuma na fi tsanar kaina.

Lauya ta aiko mai gadi da makullin gidan nan da ke hannunta. Wayarta ba ta shiga. Jiya na je ofishinta, na tarar an shafe sunan ubanta daga jikin allon ƙofa, nata kaɗai ya rage, fentin ko bushewa bai yi ba. Sakatariyarta ta ce ba ta nan, alhali ga motarta a waje. Na zauna a benci tare da matan da suka zo da ƙararsu har aka tashi, ba ta fito ba.

Ke ce take jin nauyinki, na san za ta neme ki. In ta kira, kar ki roƙe ta ta yafe mana, ba mu kai nan ba. Kar ma ki ce na rubuto. Ki tambaye ta kawai ko tana cin abinci, sai ki sanar da ni.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙanwarki,
Maman Lauya